Gadar da Mamani Bai Gani Ba

Mamani ɗan Kimba ya dawo gida bayan shekara bakwai, ba raƙumi, ba Alhaji a gaban sunansa, sai jakar fata guda da tabon wuta a hannu biyu. Garinsu Tudun Ƙirya, wani ɗan ƙauyen maƙera ne a arewacin Birnin Lalle, cikin ƙasar da yau ake ce wa Dakoro. Lokacin Nasara bai iso ba tukuna, labarinsa ma sai jefi-jefi a bakin ƴan ayari. Da ya shigo gari karnuka suka bi shi da haushi, mata suka leƙo suka koma. Uwarsa Habi ce kaɗai ta gane tafiyarsa tun daga bakin rijiya, ta saki guga ta tare shi tana kuka.

Kukan nan biyu ne, na murna da na gaisuwar mutuwa. Ubansa Kimba ya shekara biyu a ƙasa.

Kimba shi ne mai dafa tama na garin. Kowace shekara bayan kaka, maƙera sukan fita bayan gari su gina murhun yumɓu wanda ya fi mutum tsawo, su cika shi da tama da gawayin ƙirya, a sa wuta, in an buɗe a sami ƙarfen da za a yi wa manoma hauya da gatari har shekara ta zagayo. Ginin kowa ya iya. Amma awon, wato kwando nawa na tama a kan kwando nawa na gawayi, da yadda ake duba launin harshen wuta a san abin da ke ciki, wannan Kimba ne ya sani, kuma ɗansa kaɗai ya koya wa. Tun da ya rasu, Mutari, ɗan wan Kimba, ya gwada sau biyu, sau biyu yana kwaso kashin ƙarfe wanda ko allura ba ta fita a ciki. Garin maƙera guda ya koma sayen ƙarfe a Kornaka. Abin kunya har ina.

Saboda haka dawowar Mamani ta yi wa kowa daɗi. Baba Sha'ibu, wan ubansa, wanda shi ne Sarkin Maƙera, idonsa ya yi rauni amma kunnensa garau, ya shafa fuskarsa ya ce bana murhun Kimba zai ci wuta. Shi ma Mamani abin da ya dawo da shi ke nan. Duk tsawon hamadar da ya ratso, ba abin da yake gani sai kansa tsaye a wurin ubansa.

Sai dai a gidan akwai al'ada. Kafin a sa wuta, mai tama zai dafa murhu da hannun dama a gaban jama'a, ya ce ba ƙarya a bakinsa, ba haƙƙin kowa a hannunsa. Sun gaji haka daga kakanni, cewa murhu ba ya karɓar maƙaryaci, in maƙaryaci ya dafa shi sai tama ta ƙi nuna. Mamani ya yarda da wannan kamar yadda ya yarda da fitowar rana. Bai taɓa zaton abin zai shafe shi ba, don shi mutum ne da ko wasa bai iya ba, balle ƙarya.

Ga abin da ya faru da shi a tafiyar. Wani attajirin Agadas mai niyyar hajji ne ya ɗauke shi, yana son maƙeri a ayarinsa saboda gyaran sirdi da wuƙaƙe. Suka bi ta Ahir suka ratsa hamada har Masar. A can attajirin ya kwanta ya mutu, ayari ya watse, kowa ya kama gabansa, aka bar Mamani ba harshe ba ɗan'uwa. Yana gararamba a bakin babban kogin ƙasar sai ya ji ƙarar da ya sani, ƙarar masaba a kan ƙarfe. Ya bi ta, ya tarar da ɗaruruwan mutane suna ɗora gada a kan ruwa, gadar jirgin ƙasa.

An kafa ginshiƙan dutse a tsakiyar kogi, a kansu an shimfiɗa ƙarafa manya-manya, wasu a tsaye, wasu a karkace, an saƙa su kamar tsaikon ɗaki. Ba igiya, ba tsarkiya. Da ƙusa ake ɗaure su, ƙusa mai kaurin babban yatsa. Mutum ɗaya yana gasa ta har ta yi ja, ya jefa wa na sama, a zura ta cikin huda, wani ya tokare ta baya, biyu su buge kanta har ya baje. In ta huce sai ta tsuke, ta matse ƙarafan nan biyu har iska ba ta ratsawa. Mamani ya tsaya yana kallo yini guda. Kashegari ya ga mai gashin yana ciro ƙusa ba ta nuna ba, bai san lokacin da ya fizge arautakin daga hannunsa ba. Shugaban aikin ya duba ƙusar da ya gasa, ya duba shi, ya nuna masa wurin zama. Shekara biyu ya yi a bakin wutar nan, a can ya samo tabonsa.

Ranar da aka gama, jirgi na farko ya hau. Mamani yana tsaye a ƙarshen gadar, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfe, ya ji yana rawa a hankali, yana ɗauke da nauyin da raƙuma dubu ba su ɗauka, bai ko lanƙwasa ba. Ya yi kuka, shi kansa bai san na mene ne ba. Waɗanda suka je ƙasar a zamaninmu sun ce irin waɗannan gadoji wasu suna nan har yau, jirgi yana bi ta kansu safe da yamma. To amma Tudun Ƙirya ba ta da wanda zai je ya dubo.

Kwana uku da dawowarsa, da la'asar, maƙera suka taru a rumfar maƙera suka ce ya ba su labarin duniya. Da ya yi wayo da ya ba su labarin dabino da raƙuma ya tashi. Amma ina, mutum ne da abin da ya fi so a duniya yake cikinsa shekara da shekaru ba wanda zai gaya wa da Hausa, ga shi yau a gaban maƙera ƴan'uwansa, waɗanda yake ganin su ne za su fi kowa ganewa. Ya buɗe baki ya zuba musu duka. Da yake ba su da kalmar gada sai ya ce kadarko, kadarkon ƙarfe.

Suka saurare shi har ƙarshe. Sannan Mutari ya gyara zama.

"Tsaya, ɗan'uwa. Kogin nan, mi ya hana su jira rani ya ƙafe su wuce?"

"Ba shi ƙafewa."

"Ko da bazara?"

"Ko da bazara. In ka tsaya wannan gaɓa, mutumin da ke waccan ba ka gane fuskarshi."

Aka dubi juna. Su ruwan da suka sani shi ne na kwarin Tarka, wanda yake zuwa da damina jaki ya ratsa shi, bayan wata biyu a shuka wake a wurin. Amma suka bar wannan ya wuce, duniya da faɗi.

Baba Sha'ibu ne ya ɗauko lissafin maƙera. Ya ce murhu guda, in Allah ya yi albarka, hauya talatin yake bayarwa. Ya tambaya ƙarfe ɗaya daga cikin na kadarkon zai yi hauya nawa. Mamani ya yi tunani tsakani da Allah, ya ce ƙaramin cikinsu ya fi dahuwar shekara ashirin. Su nawa ne? Ya ce bai iya ƙirgawa ba. Wa ke gadinsu? Ba kowa. An bar ƙarfe haka a fili, rana ta doka ruwa ya doka, ba wanda ya zo da guntun masaba ya ɓalli na gatari? Ya ce ba wanda ya ɓalla.

"To, Mamani," in ji tsohon a hankali, "ina suka sami ƙiryar da ta dafa wanga ƙarfe? Daji nawa suka sare?"

"Ba su da ƙirya, Baba. Wani baƙin dutse suke ƙonawa."

Nan fa rumfa ta fashe da dariya. Dutse yana cin wuta. Wani tsoho har da riƙe ciki yana share hawaye. Mutari ya ɗauko dutsen da ake danne zana da shi ya jefa cikin wutar maƙera, ya kama zugazugi yana zugawa da gaske, yana cewa a matsa kada gobara ta tashi. Mamani ya zaro ƙusa ɗaya da ya taho da ita ya miƙa wa Baba Sha'ibu. Tsohon ya shafa ta, ya buga ta a kan uwar maƙera ya kasa kunne. Ya ce ƙarfe ne mai kyau, bai taɓa jin mai muryarsa ba. Amma ƙusa ɗaya ce, kuma ƙusa ɗaya kowane maƙerin kirki yana iya yin ta.

Kafin sati ya zagayo sunansa ya koma Mamani Kadarko. Mata a bakin rijiya in guga ya yi nauyi sai su ce a kira shi ya ɗora musu ƙarfe. Wallahi mutanenmu in suka sami abin dariya ba su da tausayi, sai sun tsotse shi har ƙashi. Shi kuwa maimakon ya yi shiru abin ya mutu, duk wanda ya tsokane shi sai ya tsaya ya yi masa bayani, har da zane a ƙasa. Kowane bayani sabon itace ne a wutar.

Da aka gama sussuka, lokacin haƙar tama ya yi, Baba Sha'ibu ya aika aka kira shi. Tsohon nan ba mugu ba ne, kada a ɗauke shi haka. Yana son ɗan ƙanensa, kuma yana tsoron murhu.

"Ɗana, ba ni ke hana ka wurin ubanka ba. Kai ma ka san sharaɗi. Aikin wata biyu ne na gari duka, haƙa da sara da gini. In ka dafa murhu da wagga magana a bakinka, tama ta ƙi, mi zan ce wa mutane?"

"Baba, abin da na gani na faɗa."

"Matafiyi shina ƙara gishiri, ba kanka aka fara ba. Ka fito gaban jama'a ka ce ba ka gani ba, a yi dariya a watse, ka dafa murhu da baki mai tsarki. In ka ƙi, kayan aikin Kimba zan ba Mutari, in kira mai tama daga Kornaka ya zauna muna. Na ba ka kwana bakwai."

Mamani ya fito zuciyarsa baƙi ƙirin. Ya sami uwarsa da hantsi tana kaɗi a ƙofar ɗaki, ya zauna ya gaya mata. Habi ba ta ɗaga kai daga mazari ba.

"Ni ban ce ƙarya kake ba, ban ce gaskiya kake ba. Ban je ba. Abin da na sani, shekara biyu ina cin tuwo daga gidan Sha'ibu, ana auno mini kamar baƙuwa. Uwar maƙerar ubanka kuma ina ji ina gani za a ɗauke ta a kai ɗakin Mutari, wanda ko gatari ya yi sai ya karkace. Kadarkon nan naka zai zo nan ya yi mini mi?"

"Inna, yau ba ni da ƙarya. Ranar da na ce ban gani ba, ranar zan zama maƙaryaci. Sannan in je in dafa murhu da wannan bakin?"

"To sai murhun ya raba ku," in ji ta, ta ci gaba da kaɗinta.

Ita faɗa kawai ta yi don ta gaji. Shi kuwa maganar ta zauna masa. Ya yini yana juya ta. Ashe yana da shaida guda a garin nan, shaidar da ba mai iya ƙaryatawa. In ya janye maganarsa ya dafa murhu, to maƙaryaci na gaske ne ya dafa, kuma murhun ubansa ba ya karɓar maƙaryaci. Tama za ta ƙi. Sannan zai juyo ya ce musu ga shi, ƙaryar da kuka sa ni ce ta ɓata, gaskiyar ita ce ta farko. Zai jawo wa gari asarar shekara guda, ya sani, abin yana ci masa rai. Amma daga nan sunansa zai wanku, baɗi ya dafa da gaskiyarsa.

Rana ta bakwai, bayan sallar la'asar, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce ya ƙara gishiri a labarinsa, a yafe masa. Baba Sha'ibu bai yarda da kwana-kwana ba.

"Ka gani ko ba ka gani ba?"

Mamani ya dubi hannuwansa. Ya ce, "Ban gani ba."

Aka yi dariya, amma ta sauƙi, irin ta an huta. Mutari ya dafa kafaɗarsa ya ce ai da ma kowa ya sani, ranar hamada ce ta taɓa shi. Tsofaffi suka sa masa albarka. Ya taka zuwa gida bakinsa yana ɗaci kamar ya tauna maɗaci.

Aka shiga aiki. Maza suka haƙo tama daga tudu, aka fasa ta aka tsince, aka sare ƙirya aka yi gawayi, aka kwaɓa yumɓu da tattaka aka ɗaga murhu. Mamani ya yi awonsa yadda Kimba ya koya masa, bai rage ko ƙwarya ɗaya ba. Sau ɗaya zuciya ta raya masa ya zuba ɗan gawayi mai danshi a tsakiya, ba mai ganewa. Ya ƙi. In ya yi haka hannunsa ne ya yi magana, shi kuwa bakin murhu yake so a ji. Don haka bai taɓa yin aiki da kyau kamar na wannan karon ba.

Ranar sa wuta jama'a suka kewaye. Ya ɗora hannun dama a kan yumɓu, yumɓun da sanyin safiya, ya ce ba ƙarya a bakinsa, ba haƙƙin kowa a hannunsa. Cikin ransa yana ce wa murhun, ka ji ni dai, ka san abin da na yi, kada ka rufa mini asiri. Aka sa wuta.

Kashegari da hantsi aka fasa ƙofar murhu. Mamani ya tsaya baya, ya riga ya shirya maganar da zai faɗa. Mutari da wasu ƙarfafa uku suka zura sanduna suka jawo abin da ke ciki, suna nishi, sanda ɗaya ta karye. Curin ya faɗo ƙasa yana huci. Aka bar shi ya sha iska, aka kai Baba Sha'ibu kusa, ya karɓi masaba ya buga. Ƙarar da ta tashi kowane maƙeri a wurin ya san ta. Ƙarfe ne, tsantsa, irin wanda ko Kimba bai taɓa fitarwa ba. Da aka raba shi daga baya, hauya arba'in da ɗaya ya bayar.

Mata suka rangaɗa guɗa. Baba Sha'ibu ya lalubo kan Mamani ya riƙe, yana hawaye, yana gaya wa jama'a su duba abin da gaskiya take yi, yaro ya tofar da ƙarya Allah ya wanke masa baki, murhun Kimba ya karɓe shi hannu biyu. Habi ta rungume shi tana godiya ga Allah. Shi kuwa yana tsaye kamar an dasa shi, yana kallon murhun da aka fasa. Yumɓu ne da toka. Ya rantse masa da ƙarya a gaban gari, murhun bai ko sani ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ubansa ya mutu yana tsoron wannan tulin ƙasa, shi ma ya girma yana tsoronsa. A rana ɗaya ya rasa maganarsa ya rasa abin da ya dogara da shi, ga mutane suna ta yi masa barka.

Ya sami abin da ya dawo nema. Uwar maƙerar Kimba ta zauna a rumfarsa, Habi ta koma auna wa wasu. Aka daina zuwa Kornaka, har Kornaka ta fara zuwa. Sunan Kadarko ya mutu da kansa. Shekara uku yana dafa murhu yana faɗin kalmomin nan, shekara uku ƙarfe yana fita. Ya zama mutum mai ƙarancin magana, mutane suka ce girma ne ya zo masa.

A shekara ta huɗu, da rani, wani ƙaramin ayari ya sauka a bakin rijiya. Cikinsu akwai wani dattijo, Alhaji Mohamed, mutumin Ahir mai jin Hausa, yana komowa daga hajji ta hanyar Masar zai gangara Katsina. Mariƙin tukunyar ƙarfensa ya ɓalle, aka nuna masa rumfar Mamani. Rumfar cike take kamar kullum, Baba Sha'ibu yana kishingiɗe a gefe, yanzu ba ya gani sam.

Mamani ya huda tukunyar da mariƙin, ya yanko ɗan ƙarfe ya gasa har ya yi ja, ya zura, ya tokare ta baya ya baje kan. Hannunsa ne ya yi, shi bai ma yi tunani ba. Alhajin ya karɓa ya jujjuya, fuskarsa ta washe.

"Maƙeri, wanga ɗauri ba na ƙasar nan ba ne. A Masar na gan shi, jikin wani kadarkon ƙarfe da suka ɗora bisa kogi. Wasu ɗakuna na bi ta kai suna hayaƙi, ni da kaina na shiga na ƙetare. Ƙusoshin duk haka suke, kai a baje."

Ba wanda ya yi dariya. Wannan ba yaron gida ba ne da za a tsokana, dattijo ne mai furfura wanda ya taɓa Ɗakin Allah, kuma ba wanda ya tambaye shi. Baba Sha'ibu ya tashi zaune da ƙyar, ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashin ɗan ƙanensa.

"Mamani, kai ka zauna Masar." Ya ɗan matso. "Akwai?"

Shekara huɗu yana jiran mutumin nan, ga shi Allah ya kawo shi har rumfarsa. Kalma ɗaya ce, ya ce akwai. Amma ya san abin da ke bayanta. In akwai, to ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi ƙarya, ya dafa murhu sau uku da ƙarya a bakinsa, kowace hauya da ke garin nan daga rantsuwar banza ta fito. Ba za su ce murhu ne bai san komai ba, za su ce shi ne ya ci amanarsa. Gobe kayan Kimba su bar rumfar, uwarsa ta koma jiran awo, tsohon nan kuma ya mutu da sanin cewa shi ya tilasta wa ɗan ƙanensa. Gaskiyar da da za ta wanke shi, yau ita ce za ta kashe shi.

"Babu, Baba," in ji shi. "Shekara biyu na yi a bakin kogin nan. Ban gani ba."

Rumfa ta sauke numfashi. Mutari ya yi murmushi irin na ladabi, ya ce wa baƙon kada ya damu, sun san wannan ciwon, ranar hamada ce, har wani nasu ta taɓa kamawa amma ya warke. Aka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa saboda girman furfura.

Alhaji Mohamed bai yi musu ba. Ya dubi ƙusar da ke jikin tukunyarsa, ya dubi tabon da ke hannuwan Mamani, ya daɗe yana dubawa, sannan ya dubi idonsa. Mamani ya kasa riƙe kallon, ya sunkuya yana gyara gawayin da ba ya bukatar gyara.

"Allah shi sani," in ji dattijon. "Wataƙila tsufa ne."

An kawo masa ruwa a ƙwarya, bai sha ba. Ya ɗauki tukunyarsa ya yi sallama ya fita, yana tafiya a hankali, tsoho mai gaskiya wanda aka mayar maƙaryaci a garin da bai san kowa ba. Mamani ya san nauyin wannan tafiyar, kuma ya san wanda ya ɗora masa. Baba Sha'ibu ya koma ya kishingiɗa yana hamdala. Wani manomi ya miƙo gatarinsa ya ce bakin ya dakushe, Mamani ya karɓa ya sa a wuta.